Gidan Haya: Shingen Da Aka Manta Da Shi A Hanyar Aure

 

Shekaru da dama ke nan malamanmu suna ta kira a kan mumbari da wuraren wa'azi cewa a sauƙaƙa aure. An yi magana a kan lefe har murya ta dushe, an yi a kan gara da kayan na-gani-ina-so da almubazzarancin biki, kuma alhamdu lillahi an samu nasara daidai gwargwado, domin a yau akwai gidajen da uba zai karɓi sadaki kaɗan ya ɗaura wa 'yarsa aure ba tare da an kai masa akwati ko ɗaya ba. To amma akwai wani shinge da ya taso ba mu ankara ba, wanda a halin da ake ciki ya fi lefe tsayi, kuma ba kasafai ake jin an ambace shi a wa'azi ba. Wannan shinge shi ne wurin zama.

Duk wanda yake shiga maganar aure a birnin Kano, ko waliyyi ne ko wakili ko mai shiga tsakani, ya san uzurin da aka fi ɗaga rana da shi: ango bai samu gida ba tukuna. An biya sadaki, iyayen amarya sun gama haɗa kaya, amma sai a ɗaga daga bayan ƙaramar salla zuwa bayan babba, daga nan kuma zuwa bayan damina. Wani auren a nan yake lalacewa. Wani kuwa a ɗaura shi, amarya ta yi wata shida a gidan iyayenta ba ta tare ba. Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwa a kai shi ne, kaso mai yawa na maganin wannan matsala yana hannun masu gidaje da dillalai da iyayen yara, wato mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci sau biyar a kowace rana.

YADDA AKA ZO NAN

A da can, Bakano ba ya neman gidan haya don zai yi aure. Idan yaro ya isa, sai mahaifinsa ya yanka masa wuri a cikin babban gida, 'yan'uwa da abokai su taru a kwaɓa ƙasa a yi tubali, kafin ruwa ya sauka an ta da ɗaki da 'yar katanga. Haya ta baƙi ce, ta fatake da ma'aikatan da aiki ya kawo daga wani gari, shi ya sa ta fi yawa a bayan ganuwa, a Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa.

Yau wannan tsari ya rushe. Babban gidan ya cika ya batse, har tsakar gidan da ake shanya a da an gine ta. Gidan da mai shi ya rasu kuwa, an sayar an raba gado, kowane magaji ya tashi da abin da bai isa sayen fili ba, sai dai ya biya haya ta 'yan shekaru. Gidajen da ke kewaye da kasuwanni, irin su Kantin Kwari da Ƙofar Wambai, da yawa an rushe su an mai da su shaguna da ɗakunan ajiye kaya, saboda shago ya fi ɗakin kwana kawo kuɗi. Ga kuma yawan jama'a. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna jihar Kano tana da mutum miliyan 9.4, kuma kimanin miliyan 2.8 daga cikinsu suna zaune a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Tun daga wancan lokaci ana ta haihuwa, ana kuma ta ƙaura zuwa birni, musamman daga garuruwan da rashin tsaro ya tasa.

Gwamnatoci sun taɓa nasu ƙoƙarin, tun daga rukunin gidaje irin na Kundila da na zamanin Shagari, har zuwa biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015. Sai dai waɗannan na baya-bayan na sayarwa ne ga mai hali. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci dominsa, tela da kafinta da yaron shago galibinsu ba su ma san hanyar ofishinsa ba. Don haka saurayin da aka haifa a Yakasai ko Mandawari, idan zai yi aure, sai ya nausa Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko Gaida ko Sheka ko Mariri ko Bachirawa, yana neman ciki da falo a hannun mutumin da bai san shi ba, bai san mahaifinsa ba.

ABIN DA ANGO KE TARARWA

Ƙofar farko ita ce ta dillali. Dillanci sana'a ce halattacciya, kuma Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali, inda ya ambaci cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Akwai dillalai masu tsoron Allah da suka rufa wa ma'aurata da yawa asiri. Amma kowa ya san abin da ya shigo cikin sana'ar. Kafin a nuna maka gida sai ka ba da kuɗin dubawa, ka kuma biya kuɗin abin hawa naka da na dillali, a kai ka gida uku ko huɗu waɗanda shi kansa ya san ba irinsu ka nema ba. Gida ɗaya sai ka tarar dillalai huɗu sun rataya a kansa, wannan ya ji daga wancan, kowa yana jiran rabonsa, kuma duk a wuyanka za a fanshe. Wani zai yi ƙari a kan kuɗin da mai gida ya yanka ba da saninsa ba. Wani zai ce maka akwai mutum yana nan tafe da kuɗi a hannu, in ba ka biya yau ba ka rasa, alhali babu kowa. Wannan ɗan'uwan najashi ne da Manzon Allah (SAW) ya hana, wato zuga mai saye da ciniki na ƙarya. Bangon da ke jiƙa kuwa sai a shafe shi da sabon fenti a watan bazara, ba za ka san abin da ka kama ba sai ruwan Agusta ya sauka. Ɓoye aibin haja algus ne, ko hatsi ake sayarwa ko ɗaki ake bayarwa haya.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi kowacce ƙunci, ita ce biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, wani wurin ma shekara biyu. Mu ɗauki misali don a ga nauyin abin. A ƙaddara ciki da falo da banɗaki an yanka masa N300,000 a shekara. La'adar dillali, wadda sau da yawa takan kai kashi 10 cikin 100, ta zama N30,000. Ba a yi maganar fenti da gyaran ƙofa da wayar wuta ba, waɗanda akan bar wa mai shiga. A shekarar 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa N70,000, jihar Kano ta sa nata N71,000. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya ajiye albashinsa na fiye da wata huɗu da rabi cur, bai ci ba, bai sha ba, bai hau mota ba, kafin a miƙa masa makulli. Amma wannan gidan dai, da wannan kuɗin dai, idan aka raba shi wata goma sha biyu, N25,000 ne a wata. Da nauyi, amma mutum zai iya ɗauka. Ashe ke nan tara kuɗin wuri ɗaya shi ne yake kayar da matasa fiye da tsadar ita kanta. Ana biyan ma'aikaci wata-wata, ɗan kasuwa yana samu kullum-kullum, ta yaya za a ce haya kaɗai ce sai shekara-shekara?

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka tarbiyyantar da shi a kan gudun riba, sai ka same shi ya ci bashi mai ruwa a banki ko a manhajojin ba da rance na waya, don kawai kada a ce ya kasa. Wani ya karya jarinsa ya biya haya, ya shiga gidan aure ba sana'a. Wani ya fara zaman aure da bashin da zai hana shi barci shekara guda, kuma kafin ya gama biya wata hayar ta zagayo.

Ƙofa ta uku ita ce ta tambayoyin mai gida. Yana da haƙƙi ya san wanda zai sa a gidansa, ya san sana'arsa da halinsa. Amma wasu sharuɗɗan ba su da kai. Wani ya ce ba ya ba wa ɗan gari, baƙo ya fi sauƙin tashi. Wani ya tambayi masallacin da kake salla kafin ya tambayi sunanka. Wani ya ce ba ya son yara a gidansa, sai ka ce ma'auratan da ke gabansa ba haihuwa suke roƙon Allah ba. Mafi ciwo shi ne wanda zai zuba ido ango ya kashe kuɗinsa ya gyara gida, ya sa tayil, ya jawo ruwa, shekara tana cika ya ce masa gida ya yi kyau yanzu, kuɗi ya ƙaru, ko ya biya ko ya fita.

MAI GIDA MA YANA DA TA CEWA

Adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren. Ba kowane mai gida ne attajiri ba. Da yawa daga cikin gidajen hayar da ke Kurna da Tudun Murtala da Unguwa Uku na marayu ne da matan da mazansu suka rasu da tsofaffin ma'aikata, da kuɗin hayar suke ci, da shi suke biyan kuɗin makaranta da magani. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura N10,000, kuma a ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Wanda ya gina ɗaki da wannan tsada ba za a ce ya bayar da shi a kuɗin da ba.

Sannan akwai 'yan hayar da suka ɓata wa sauran suna. Mutum ya zauna wata takwas bai biya ba, in an yi magana ya ce a je kotu, don ya san dokokin haya na akasarin jihohin ƙasar nan sun ba wa mai zaman shekara notis na wata shida idan babu wata yarjejeniya, bayan haka kuma shari'a ta ɗauki nata lokacin. Ranar da zai fita ya bar bashin wuta, ya bar masai a cike, ya ciccire kwasfa da famfo. Mai gidan da aka yi wa haka sau ɗaya, shi ne yake cewa daga yau sai shekara biyu. Kuɗin shekara garkuwa ce da ya riƙe saboda amana ta yi ƙaranci.

Ta fuskar fiƙihu, ba za mu ce sharɗanta biyan shekara haramun ne ba. Haya ciniki ce ta amfani, sharaɗinta a san kuɗi, a san wa'adi, a san abin da aka ba da haya, kuma idan ɓangarori biyu suka yarda a gabatar da kuɗi, ya halatta. Amma ya kamata a sani cewa a wurin malaman Malikiyya, idan babu sharaɗi ko al'ada, asali shi ne kuɗin haya yana wajaba ne gwargwadon yadda aka ci amfanin wurin. Sun kuma san hayar wata-wata, wadda suke kira mushahara, kamar yadda suka san ta ƙayyadadden wa'adi. Iyayenmu a nan Kano wata-wata suka san ana biyan kuɗin ɗaki, kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai galibi a kan haka suke. Saboda haka biyan shekara al'ada ce da muka ƙaga wa kanmu, kuma abin da mutane suka ƙaga, mutane za su iya sauya shi idan cutarsa ta bayyana.

Wasu suna ganin doka ce za ta raba gardama. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ba ta hana jama'a ci gaba da kokawa da masu neman shekara biyu ba. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudurin biyan haya wata-wata a Abuja gaban Majalisar Dattawa, har ya tsallake karatu na biyu. Doka tana da amfaninta, amma inda masu nema suka fi gidaje yawa, wanda ke cikin matsi shi da kansa zai taya mai gida karya ta. Abin da ya lalace amana ce, kuma ita ya kamata a gyara.

LAIFIN DA KE GIDAN AMARYA

Ya ku iyayenmu, a yi mana afuwa, akwai magana a nan. Sau nawa ango ya samu ɗaki daidai ƙarfinsa, aka turo mata su duba, suka dawo suka ce kayan yarinya ba za su shiga ba? An sayi gado da sif da madubi da saitin kujeru da kayan kicin tun yarinya tana makaranta, sannan a ce a nemo gidan da zai ɗauke su. Wato maimakon a yi kaya daidai ɗaki, sai a nemi ɗaki daidai kaya. Wasu kuma su kafa sharaɗin unguwa: 'yarsu ba za ta wuce titi kaza ba, don kada ƙawayen uwa su raina wurin ranar jere. Ango ya rufe ido ya kama fulat mai ɗaki biyu da gudummawar 'yan'uwa da abokai. Shekara ta farko lafiya lau. A ta biyu babu gudummawa, ga jariri, ga ƙarin kuɗi. Sai a kwashe kaya a koma ɗaki ɗaya, kujerun da aka yi rigima a kansu a mai da su gidan iyaye ko a kai wa dila. Aure nawa ne ya fara tsami daga ranar wannan ƙaura?

Allah Maɗaukaki, a aya ta 6 da ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, Ya ɗaura wurin zaman mace da ciyar da ita a kan gwargwadon samun mijinta. Ɗakunan matan Manzon Allah (SAW) na ƙasa ne da zarben dabino, kuma an ruwaito cewa Hasanul Basari yana yaro yakan shiga cikinsu ya taɓo rufinsu da hannunsa. Da aka zo shigar da su cikin masallaci a zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, Sa'idu ɗan Musayyib ya yi burin da an bar su yadda suke, don na baya su ga abin da mafificin halitta ya wadatu da shi. Wace 'ya ce ta fi Nana A'isha daraja?

Wannan kuwa ba lasisi ba ne ga mazaje su jefa 'ya'yan mutane a ko'ina. Wurin zama haƙƙin mace ne kamar ci da tufafi. Malaman Malikiyya sun tabbatar mata, a bisa asali, da damar ƙin zama a cakuɗe da dangin miji idan ba a sharɗanta mata haka tun wurin ɗaurin aure ba, saboda cutuwar da ke cikin a riƙa leƙa sirrinta. To ina ga gidan yawa da za ta yi layin banɗaki ɗaya da samari marasa aure? Ƙaramin ɗaki mai sutura ya fi babban falo da ba shi da ita. Kuma ya kai ango, ka yi shawara da wadda za ta zauna. Kai da safe za ka fita sai dare, ita ce za ta wuni da zafin kwanon da warin kwatar da halin maƙwabtan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ita ce mai ɗakin.

ABIN DUBAWA KAFIN A BIYA

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, a fara neman gida tun kafin a sa rana, domin wanda biki ya rage masa mako biyu ba ya iya taya ciniki. A fara da sanin mai gidan na haƙiƙa, a gan shi ido da ido, a tambayi mai unguwa da limamin masallacin layin. An sha karɓar kuɗin mutum biyu ko uku a kan gida ɗaya, an kuma sha ba da hayar gidan gado da magada ke shari'a a kansa. A tambayi maƙwabta dalilin tashin wanda ya fita, a kuma tambayi wasu game da maƙwabtan su kansu, domin da su iyalinka za su zauna.

Sai ruwa. Akwai rijiya ko famfo mai kawowa, ko kuwa kullum sai an sayi kura wurin 'yan garuwa? Kuɗin ruwan wata a wasu unguwanni haya ce ta biyu. A dubi ƙasan bango da silin ko akwai shatin ruwa, a dubi inda kwatar gidan take bi, a tambayi yadda layin yake a tsakiyar damina. A ga takardar wuta ta ƙarshe kafin a gaji bashin wani. A lissafa kuɗin a-daidaita-sahu zuwa wurin aiki da dawowa na wata guda a haɗa da kuɗin hayar, domin gidan da ya yi araha a Janguza yana iya fin na Gwale tsada ga mai shago a Sabon Gari. A duba nisan masallaci da Islamiyya da asibiti, da kuma yadda unguwar take bayan magariba.

Daga ƙarshe a rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga Musulmi biyu sun yi cinikin dubban ɗaruruwa da baki, wai kunya. A rubuta kuɗi da wa'adi, da wanda gyara ke kansa, da yadda za a yi da abin da ɗan haya ya kashe, da tsawon sanarwa kafin ƙari ko tashi. Shaidu biyu su sa hannu, a karɓi rasit. Malamai sun ce idan gida ya samu lahani mai cutarwa mai shi ya ƙi gyarawa, ɗan haya yana da zaɓin warware ciniki, amma wa zai tabbatar masa da wannan haƙƙi in babu takarda?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ya kai ɗan'uwa mai gidan haya, ba a ce ka yi asara ba. Ka yanka kuɗinka na adalci, ka karɓi na wata uku a matsayin jingina, sauran a riƙa biyanka wata-wata ko bayan kowane wata uku. Idan za ka yi ƙari, ka sanar da wuri, kuma kada ka sayar wa mutum da gyaran da ya yi da kuɗinsa. Idan ka ga wanda ka sani mai biya ne ya shiga matsi, ka tuna aya ta 280 ta Suratul Baƙara da ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Kai kuma ɗan haya, kuɗin nan bashi ne a wuyanka, jinkirta shi alhali kana da hali zalunci ne, kuma duk wanda ka cuta, ka rufe ƙofa ne ga ma'aurata goma da za su zo bayanka.

Tsoron mai gida shi ne wa zai tsaya wa wannan yaro. A nan ne aikin jama'a yake, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamitocin masallatanmu da rassanmu na unguwanni sun iya tara kuɗin lasifika da janareta da kafet, sun iya shirya wa'azin ƙasa. Me zai hana kowane reshe ya buɗe littafi na masu gidajen da suka yarda da biyan wata-wata, da na matasan da aka san halinsu da sana'arsu, kwamiti ya haɗa su ba la'ada, ya tsaya a matsayin lamuni, ya kuma zama wurin sulhu in saɓani ya taso? A gefe guda a kafa asusun rance marar ruwa, wanda zai biya wa ango kuɗin shekara inda mai gida ya kafe, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata, kuɗin ya zagaya kan na bayansa. Wannan bai fi ƙarfin masallacin Juma'a guda ɗaya ba.

Ga mawadatanmu kuwa, ƙofar waƙafi a buɗe take, kuma mun taƙaita ta ga gina masallaci kaɗai, har ka ga masallatai uku a layi ɗaya alhali ladanin ɗaya daga cikinsu an ba shi notis. Sahabbai ba haka suka fahimce ta ba. Zubairu ɗan Awwam ya yi waƙafin gidajensa, ya ba wa duk wadda aurenta ya mutu daga cikin 'ya'yansa damar zama a ciki. Masu tarihi sun ambaci Harisatu ɗan Nu'uman, mutumin Madina da ya riƙa tashi daga gidajensa yana bar wa Manzon Allah (SAW), har da wanda Sayyidina Aliyu da Nana Faɗima suka zauna. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Attajiri ɗaya zai iya gina ɗakuna goma na ciki da falo, ya tsayar da su hubusi ga sababbin ma'aurata, su zauna shekara biyu ko uku a kuɗi kaɗan da zai isa gyara, su tara abin da za su tsaya da ƙafarsu, su ba wa wasu wuri. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 ta hannun Hisba, ta biya sadaki ta ba da gado da katifa. Aiki ne mai kyau, Allah Ya saka da alheri. Amma gado sai da ɗakin da za a kafa shi, kuma wannan giɓin yana jiran masu hali.

Muna kuka da lalacewar tarbiyya, muna kira ga matasa su yi aure su kame kansu. Matashin da ya amsa wannan kira, ya zo da sadakinsa da sana'arsa, bai kamata ya tarar da mu ne muka tsaya masa a bakin ƙofa da sharaɗin shekara biyu da la'ada da saitin kujeru ba. Muna roƙon malamanmu su sa wannan magana cikin huɗubobinsu kamar yadda suka sa ta lefe, kuma kowane reshe ya ɗauke ta a zamansa na wata mai zuwa.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya hore wa marasa muhalli muhalli, Ya sanya albarka a gidajen Musulmi, Ya ba mu ikon sauƙaƙa wa junanmu.